Rabi a Haɗa da Kwata

Shekara tara makarantarmu tana aika yara jarrabawar shiga sakandare, shekara tara ba wanda ya taɓa ci. Ko ɗaya. Hedimasta Malam Giɗaɗo ne ya gaya mini haka ranar da na kama aiki, kuma ya faɗe shi ne kamar mai gaya mini ranar da kasuwa ke ci. Na ce, "Haba Malam, ko kunya ba ku ji?" Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Malama Bernice, ki dai zauna tukuna ki sha ruwa."

'Yar firamare ce mai ɗakin karatu huɗu a wata unguwa bayan Malikanchi. Shekarar da aka turo ni ita ce shekarar da sojoji suka karɓi mulki suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Aljihun da ba komai a ciki ban san me za a tsuke ba. Aka sallami malamai biyu daga cikinmu, aka haɗa mini 'yan aji biyar da 'yan aji shida a ɗaki ɗaya. Alli ya ƙare, muka koma rubutu da busasshen rogo. Allon kuwa, baƙin cikin tsohon batir muke jiƙawa mu shafa masa duk ranar Juma'a.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne idan na je Ikara wurin ƙawata Lucia, wadda ke koyarwa a cikin gari. Yaranta 'ya'yan ma'aikata ne da 'yan kasuwa. Kowa da littafinsa, an karya kumallo kafin a fito, ga rediyo a gida, ga yayye a sakandare masu koya musu da yamma. Namu kuwa sai sun kai abinci gona sannan su zo, ranar kasuwa ajin rabi ne, idan aka fara yankan rake kuma sai dai in koyar da benci. Amma takarda ɗaya za a ba su duka, a rana ɗaya, sannan a dawo a ce 'ya'yan ƙauye ba su da ƙwaƙwalwa. Wallahi duk sanda na ji wannan maganar sai in ji kamar in mari wani.

A cikin wannan ajin na tsinci Ma'u. Siririya ce, tana zama can baya jikin bango, muryarta kuwa sai ka sunkuya za ka ji. Wata rana na ba su wani dogon lissafi na rabawa, wanda na san ko 'yan ajin Lucia sai sun yi gumi. Ina zagayawa na ga ita ba ta rubuta komai, domin fensirinta ya ƙare. Na daka mata tsawa. Ta sunkuyar da kai ta faɗi amsar. Na ba ta wani, ta faɗa. Na ba ta na uku, na koma allo na yi shi da kaina don in kama ta, sai na tarar ta riga ni gamawa. Na zauna a bakin tebur ina kallonta.

A satin ne takarda ta zo. Duk makarantun sakandare an sa musu kuɗi, sai wata makarantar kimiyya ta 'yan mata, ta kwana, wadda har yanzu gwamnati ke ciyarwa ta ba da littafi da kayan sawa. Gurbi uku kacal aka ba yankinmu gaba ɗaya, kuma ba a ɗaukar wadda ta wuce shekara goma sha uku. Ma'u tana cikin ta goma sha ukun. Ko ta shiga a wannan shekarar, ko karatunta ya ƙare a aji shida.

Na je na sami mahaifinta, Baba Usmanu. Dattijo ne sosai, ita ce autarsa, mahaifiyarta ta rasu tun tana goye. Ba shi da rake nasa, a matsar raken wani yake aiki, shi ke kora dokin da ke juya injin, Ma'u kuma tana taya shi juya ruwan raken a kan wuta har ya zama mazarƙwaila. Na durƙusa muka gaisa, gajiya, gida, iyali, aiki, har sai da gwiwata ta gaji. Sannan na kawo maganar.

Ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "'Yata, ni ba na ƙin karatu. Amma kin ga dai yadda nake. In gwamnati za ta ɗauke ta ta ciyar da ita, na ba ki ita har damina. In ba ta ɗauke ta ba, ni ba ni da abin da zan kai ta wata makaranta da shi, kuma ƙarfina ya ƙare, hannu nake nema."

Na ce, "Na ji, Baba. Har damina."

Muka fara karatun yamma a gindin ɗorawar makaranta, bayan la'asar. Da yara goma sha ɗaya na fara. Wata ɗaya suka koma biyar, da rake ya kankama sai ita kaɗai. Ranar da ba ta samu zuwa ba ni nake bin ta matsa. Har muciya na taɓa karɓa ina juya mata ruwan rake, hayaƙi na shiga mini ido, ita kuma tana karanta mini Turanci daga littafina na kwaleji. Mazan wurin suka yi ta dariya suna cewa Malama ta canza sana'a. Na ce su yi ta kansu, wanda bai iya rubuta sunansa ba kada ya sa mini baki.

Lucia ta ara mini tambayoyin shekarun baya, na zauna na kwafe su da hannu, na shekara shida. Na zana mata irin takardar amsa mai ƙananan akwatuna, domin yaranmu da yawa a nan suke faɗuwa, ba su taɓa ganin takardar da ake cike akwati da fensir ba sai ranar jarrabawa. Na koya mata duba agogo da nawa agogon, da yadda za ta tsallake tambaya mai wuya ta dawo mata daga baya. Duk abin da na san 'yan gari suna samu a gida, sai da na nemo mata shi. Ban taɓa son wani abu a rayuwata kamar yadda na so yarinyar nan ta ci ba.

Ta kuwa ci. Da sakamako ya fito, a duk 'yan matan yankinmu ita ce ta biyu. Malam Giɗaɗo ya karanta takardar sau uku, ya cire hularsa ya ajiye a tebur, ya ce, "Ikon Allah," sai ga hawaye. Na ce, "Yanzu wa zai sha ruwa?" Ya yi dariya yana share ido. Amma a ƙasan takardar an rubuta cewa 'yan mata takwas na sama za su zo Ikara a yi musu intabiyu, wato a zaunar da su a yi musu tambayoyi baki da baki, a zaɓi uku.

Daga nan tsoro ya kama ni. Ba tsoron karatu ba, wannan na san ta gama da shi. Tsorona kada su gan ta su ce 'yar ƙauye. Na yanka zanena sabo na kai tela ya ɗinka mata riga da siket. Na aro takalmi wurin 'yar maƙwabtana, na wanke mata kai na yi mata kitso da hannuna. Sai kuma na zaunar da ita, ana gobe za mu tafi, na yi mata huɗuba.

Na ce, "Ma'u, ki saurare ni. Manyan mutane ne za ki shiga gabansu. Kina shiga ki durƙusa ki gaishe su. Kada ki tsura wa babba ido. Kada in ji kin yi musu da kowa, ko me suka ce miki. 'Yan matan garin nan idonsu a tsaye yake, ba su san girman kowa ba. Ke da ladabi za ki fi su. Kin ji ni?"

Ta ce, "Na ji, Malama."

Ban ƙara mata komai a kan abin da ta sani ba. Haka aka rene ta, haka aka rene ni, a gidanmu na coci da gidansu na masallaci duk ɗaya ne. Babba ba ya kuskure a bakin yaro, balle a gaban mutane. Ni dai na ƙara ɗaure igiyar ne kawai, kuma a lokacin gani nake dabara na yi.

Da safe aka tashi da ruwa. Muka samu a-kori-kura mai ɗauke da buhunan masara, na lulluɓe ta da ledar taki don kada rigar ta jiƙe, ni kuwa na jiƙe sharkaf. Sau biyu motar tana kafewa a taɓo. Duk da haka mun isa kafin ƙarfe tara.

A wata firamare ta cikin gari aka yi abin. Aka tara yaran takwas a aji ɗaya, aka sa masinja a bakin ƙofa da dorina a hannu, aka ce malamai da iyaye kowa ya koma gindin bishiya. Ni ban iya zaman gindin bishiya ba. Na zagaya bayan ajin da ake intabiyun, na tarar tagar ba murfi, na raɓe a jikin bango inda zan iya leƙawa. Su uku ne a tebur. Wani saurayi mai laktaye, wata mata mai tabarau, da wani dattijo a tsakiya, kansa fari fat, da farar riga, irin mutanen da kana ganinsu za ka ji ƙafarka tana son lanƙwashewa.

Wadda ta zo ta ɗaya aka fara kira, 'yar wani mai kemis, ɗalibar Lucia. Ta shigo tana taku ƙwas-ƙwas, ta gaishe su a tsaye. Na ce a raina, ga shi nan, rashin kunya. Ta yi karatu, ta amsa tambayoyi. Sai dattijon ya tashi a hankali ya je allo ya rubuta rabi a haɗa da kwata, ya ja layi ya rubuta amsa, biyu bisa shida. Ya juyo ya ce, "Yarinya, ga yadda ake yin wannan. Daidai ne ko?"

Ta kalli allon, ta ce da ƙarfi, "A'a, yallaɓai, ka yi kuskure! Uku bisa huɗu ne."

Duka ukun suka fashe da dariya. Dattijon ya tafa mata, ya ce, "Madalla! Irinku muke nema." Ashe da gangan yake yi. Gwaji ne, a ga wadda za ta tsaya a kan abin da ta sani.

Wayyo Allah. A take na ji maganata ta jiya tana dawo mini kalma-kalma. Na kwasa da gudu na zagaya gaban ajin da yaran suke, zanena yana harɗe ni. Masinjan ya tare ƙofa. Na ce don Allah minti ɗaya, yarinyata ta manta fensir. Ya ce ba a rubutu a intabiyu. Na ce magani zan ba ta. Ya ɗaga dorinar ya ce an ce masa ko uwar da ta haifi yarinya ba za ta shiga ba. Muna cikin haka aka ƙwala kira, "Asma'u Usman!" Ta fito ta wuce ta gabana. Na buɗe baki, masinjan ya daka mini tsawa, ita kuma ta yi mini ɗan murmushi ta shige.

Na koma bakin tagar.

Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Matar ta ce ta tashi. Aka ba ta littafi ta karanta, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, sai dai sau biyu ana ce mata ta ɗaga murya. Saurayin ya yi mata tambaya a kan ruwan sama da gajimare, ta amsa. Na fara cewa ko Allah zai sa tsohon ya gaji ya bar abin. Ina! Ya miƙe ya goge allon ya sake rubuta shi sabo, rabi a haɗa da kwata, biyu bisa shida.

"Yarinya, daidai ne ko?"

Na ga idonta a kan allon. Na ga leɓenta ya motsa, kuma na rantse da Allah na karanta abin da ya faɗa, uku bisa huɗu. Yarinyar da ke auna rabin mudu da kwata a kasuwa tun tana shekara bakwai! Sai ta ɗaga ido kaɗan ta kalli farin kan nan nasa, ta kalli sauran biyun da ke zaune suna jira, ta mayar da idonta ƙasa.

Ta ce, "Daidai ne, Baba."

Ya ce, "Duba da kyau. Kin tabbata?"

Na cusa bakin mayafina a baki na cije. Da na yi magana daga tagar nan, a take za su kore ta.

Ta ce, "Yadda ka rubuta, Baba."

Ya ɗan tsaya yana kallonta. Sannan ya ajiye allin, ya koma ya zauna, ya rubuta wani abu gajere a takardarsa. Ta sake durƙusawa ta yi musu godiya ta fita.

Da aka tashi na tare saurayin mai laktaye a hanyarsa ta zuwa mota. Na ce, "Yallaɓai, yarinyar nan ta san amsar. Kunyar dattijon ta ji. Ku sake kiranta, kai ka rubuta mata, ka gani." Ya dube ni daga jiƙaƙƙen ɗankwalina har taɓon ƙafata. Ya ce an riga an rufe maki. Ya ƙara da cewa su ma abin ya ba su mamaki, yarinyar da ta ci wannan maki a rubuce ta kasa gane rabi da kwata, kuma daga makarantar da ba ta taɓa cin ko ɗaya ba, har suna tunanin ko wani ne ya taimaka mata a ɗakin jarrabawa.

Nan ne na manta a ina nake. Na ce shi wa ya taimaka masa ya samu laktayen? Na ce ya taɓa koyar da yaro da rogo? Ya taɓa ganin cikin matsar rake? Na faɗi abin da na sani da wanda ban sani ba, mutane suka taru, Lucia ta zo ta riƙe ni tana cewa in rufa wa kaina asiri, zamanin soja ne. Ya shiga mota ya ja ƙofa. In akwai ɗan abin da ya rage wa Ma'u a wurinsu, to da bakina na ƙarasa shi.

A hanyar komawa muna bayan mota mu biyu, ruwa ya ɗauke. Ta cire takalmin aron ta riƙe a cinya don kada ya ɓaci. Haka muka wuce rabin hanya. Sai ta matso kusa da ni, fuskarta a sake.

Ta ce, "Malama, kin san tsohon nan ya yi kuskure a allo? Uku bisa huɗu ne, shi kuwa ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Allah sarki, tsufa ne. Amma ban kunyata shi a gaban yaransa ba. Na yi daidai ko?"

Na juya fuskata ina kallon gonakin dawa. Na kama hannunta na riƙe har muka sauka.

Bayan sati uku sunaye suka fito. 'Yar mai kemis, da wasu biyu, duka daga cikin gari. Malam Giɗaɗo ya miƙo mini takardar bai dube ni ba. Ya ce ko shi zai je ya gaya wa Baba Usmanu? Na ce a'a, ni na karɓo ta, ni zan mayar.

A gona na same su, ana maimai, wato noma na biyu. Tsohon yana gaba da fartanya, bayansa a lanƙwashe, Ma'u tana kunyar da ke kusa da tasa, da tsohon zaninta. Na durƙusa a bakin gona muka gaisa, aiki, ruwa, gajiya. Sannan na ce, "Baba, ba a ɗauke ta ba."

Ya dogara da fartanyar. Ya ce, "Allah bai nufa ba. Amma an ce mini ta ci. Me ya faru?"

Ba yadda zan yi, na ba shi labarin duka, da allon, da dattijon, da abin da ta amsa, da abin da suke so ta amsa. Ma'u tana tsaye tana ji. A lokacin ne ta fara sanin cewa gwaji ne. Na ga hannunta ya saki fartanya, ta dube ni, ba ta yi kuka ba, kallona kawai take yi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Baba Usmanu kuwa fuskarsa ta washe. Ya ce, "Wato dattijo mai furfura ya tsaya a gaban mutane, suna so 'yata ta ce masa ya yi kuskure? Ita kuma ta ƙi?" Ya juya ya dafa kanta. "Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka, Ma'u, ba ki ba ni kunya ba." Sannan ya juyo gare ni, idonsa ya kawo ruwa. "'Yata, na gode. Da mutane suna ce mini boko zai ɓata ta. Ashe ke tarbiyya kike ba ta. Makarantar da sai yaro ya ƙaryata babba za a ɗauke shi, ai gara da ba ta shiga ba. Ko ba haka ba, Malama?"

Ba haka ba ne. Na san ba haka ba ne, kuma yarinyar tana tsaye a bayansa tana jira ta ji abin da zan ce. Maganar ta taho har bakina. Na ɗaga kai, na ga farin gemunsa, da gumin da ke bin wuyansa, da yadda yake murmushi yana jiran amsata. Sai na mayar da idona ƙasa.

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ma'u ta sunkuya ta ɗauki fartanyarta, ta koma kan kunyarta ta ci gaba da noma.